Tawa bayan lisha: makaɗan da duniya ta ji, gida bai biya ba

Bahaushe ya ce dare mahutar bawa, ya kuma ce dare rigar mugu. A birnin Tawa da garuruwan da ke arewa da shi, dare yana da wani aiki na dabam, domin shi ne lokacin da makaɗa da mawaƙa da masu wasa ke fita neman abinci. Ba su da albashi, ba su da zaure nasu na kansu, kuma ba a buga sanarwar wasanninsu a jarida. Wanda ke son ya gan su sai ya bi ƙarar lasifika cikin unguwa har ta kai shi ƙofar gidan biki. Duk da haka, daga cikin waɗannan mutane ne aka samu waɗanda ake sayen tikiti a Faransa da Amurka domin a saurare su. Abin da ya kamata Adarawa su tambayi kansu shi ne yadda aka yi baƙo ya san farashin wannan kaya, alhali mai gida har gobe kyauta yake ɗaukarsa.

Mahaɗar manomi da makiyayi

Tawa na zaune ne daidai inda ƙasar noma ke ƙarewa, ƙasar kiwo ke somawa. Kudu da ita akwai duwatsu da fadamun Adar, inda ake noman hatsi da albasar nan ta Galmi da ta yi suna har bakin teku. Arewa kuwa sai Azawak, ƙasar raƙuma da rijiyoyi masu zurfi, inda Abalak da Cintabaradan da Tasara da Tiliya suke. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba jihar sama da mutum miliyan 3, birnin kuma wajen 150.000. Tun ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da Agabba ɗan sarkin Agadas ya kafa sarautar Adar, Hausawa da Abzinawa ke cuɗanya a wannan ƙasa, tare da Fulani da Larabawan Azawak. Masanin tarihi Jibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya yi dogon bincike a kan wannan zamani. Kunnen ɗan Tawa ya tashi ne yana jin kalangu ta wannan ɓangare, yana jin tande ta wancan.

Abu na biyu da ya gina daren garin shi ne tafiya biɗa. Babu jihar da ta kai Tawa suna wajen tura samarinta cin rani, wasu Abijan, wasu Najeriya da Kamaru, wasu Libiya da Aljeriya. Saurayin da ya dawo yakan zo da abu biyu, kuɗin aure da sabon kiɗa. A da rediyo da kaset ne cikin jaka, yanzu kuma salula ce cikin aljihu. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 saboda jigilar uraniyum, ta ƙara mayar da garin zango. Direbobi da fatake da ma'aikatan da aka canza wa wurin aiki duk suna kwana a nan, kuma kowa ya sani inda matafiyi ya kwana, nan mai shayi da mai tsire da makaɗi ke samun ciniki.

Daren kaka da kakanni

Tun kafin a kawo wutar lantarki, farin wata ne fitilar wasa. A ƙauyukan Adar, kamar sauran ƙasar Hausa, dandali ne wurin taruwa bayan an ci tuwo. Ƴan mata na gaɗa, mai kalangu na zuga su, samari na tsaye gefe suna jiran a ambaci sunansu su fitar da abin da ke aljihu. Idan kaka ta yi kyau sai kokowa ta ɗauka daga wannan gari zuwa wancan. A wasu gidaje kuma akwai wani dare na dabam, na masu goge da ƙwarya, wato na ƴan bori. Adar ta shahara da wannan al'ada, har wata Bafaranshiya mai binciken al'adu, Nicole Echard, ta shafe shekaru tana nazarinta, ta kuma fitar da littafi a kanta a 1989. Bori shi ne wasa na farko da ya koyi ɓuya a ƙasar nan, domin ya daɗe yana zaune ƙarƙashin harara ta malamai.

A arewa, mata ne ke riƙe da dare. Tande turmi ne na daka, wanda ake rufe bakinsa da fatar akuya, a ɗaure ta da taɓare biyu, a riƙa yayyafa mata ruwa domin amonta ya fito. Mace ɗaya ta ba da waƙa, sauran su amsa da tafi, wata kuma na bugun ƙwaryar da aka kife cikin ruwa. Idan babban biki ne, maza sukan hau raƙuma suna kewaya taron bisa takun kiɗan. Da gari ya waye sai a kwance fatar, turmi ya koma aikinsa.

Duk waɗannan wasanni suna da doka guda da ba a rubuta ba. Makaɗi ba ya yanka farashi. Yakan yi kiɗansa, ya yabi wanda ya cancanci yabo, sannan ya jira kari. Basarake ya ba shi riga ko doki, manomi ya ba shi damen hatsi, saurayi ya liƙa masa abin da ya samu. Sana'ar gado ce, kuma mai yin ta yana ƙasa da wanda yake yi wa a idon jama'a. Wannan tsari ya ciyar da gidaje na tsawon zamani, to amma yana da rauni babba: ranar da taro ya watse ko ubangida ya tsiyace, makaɗi ba shi da wanda zai bi bashi.

Lokacin da gomnati ta zama ubangida

Bayan juyin mulkin 15 ga watan Afrilu 1974, gomnatin Saini Kunce ta farfaɗo da samariya, ta mayar da ita hanyar tattara matasa. Kowace unguwa da samariyarta, kowace samariya da ƴan rawa da ƴan wasan kwaikwayo. A 1975 Tawa ce ta karɓi gasar kokowa ta ƙasa ta farko, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. A 1976 aka buɗe wasan ƙasa na matasa a Damagaram, wanda ya riƙa zagaya jihohi shekara-shekara. Perefe da kansa yakan sa ido a kan shirin tawagarsa, domin kunya ce jiha ta dawo hannu rabbana. Tanja Mamadu, wanda ya riƙe jihar Tawa daga 1981 zuwa 1988, ya yi mulkinsa ne a tsakiyar wannan zamani. A 1987 kuma aka kafa gasar kiɗan zamani da aka sa wa sunan Ɗan Gurmu, mashahurin mawaƙin Adar.

A wancan lokaci ma'aikacin gomnati da aka turo Tawa ya san inda zai je daren Asabar. Akwai wasan samariya, akwai bal na ƴan boko da orkes ke kaɗawa. Cikin waɗannan ƙungiyoyi babu wadda ta kai Azna de l'Ader ban mamaki. Tun shekarun 1970 shugabanta, wanda kowa ya sani da Mona, ya ɗauko salon Jimi Hendrix na Amurka, gitar mai wuta da kuka da gurnani, ya aza shi bisa kiɗan gida. Sunan ƙungiyar ma kansa magana ne, domin Azna su ne mazauna Adar na asali da suka daɗe riƙe da al'adun kakanni. Shekara da shekaru suna wasa a Tawa da kewaye, ba su cika fita jihar ba, kuma a zamanin ƙarfinsu babu kamfanin da ya buga musu faifai. Sai bayan an yi shekaru masu yawa wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya tono tsofaffin naɗe-naɗensu, ya fitar da su a faifai mai suna Zabaya. Masu sharhin kiɗa a Turai suka yi ta mamakin yadda irin wannan ƙungiya ta ɓoye musu, alhali mutanen Tawa sun sha rawa da kiɗanta tun suna samari.

Sai dai gomnati ma ubangida ce irin ta da, kari take bayarwa. Kunce ya rasu a watan Nuwamba 1987, taron ƙasa na 1991 ya zo da jam'iyyu, samariya ta watse saboda ana ganin ta a matsayin ƴar gaban goshin tsohon mulki. Baitulmali ya bushe, ma'aikata suka yi watanni babu albashi. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake sayowa daga waje, daga tsirkiyar gitar har lasifika, kuɗinsa ya tashi. Gidan matasa na Tawa, wanda ke ɗauke da sunan mai tatsuniya Albarka Cibau, ya ci gaba da tsayuwa, amma gini kaɗai ba ya ciyar da mai wasa.

Mai otel da kwaɗinsa

Akwai mutum ɗaya da ya gane wannan matsala da wuri, ya kuma nema wa kansa mafita irin ta ɗan kasuwa. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a Ndunga kusa da Yamai a 1942, yana cikin iyayen sinima na Afirka. Ya soma da wasan inuwa a bango, ya yi aiki da Jean Rouch, ya je Kanada ya ƙaro ilimin zane mai motsi wajen Norman McLaren. A 1966 ya fitar da fim biyu da har yanzu ake koyarwa a makarantun sinima. Bon voyage Sim labarin wani kwaɗo ne shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki. Le Retour d'un aventurier kuwa labarin saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hargitsa ƙauye. Duk ɗan Adar da ya taɓa ganin ɗan biɗa ya dawo da sabuwar tafiya da sabon suna zai gane wannan labari ba tare da fassara ba.

A Tawa wannan gwani ya zaɓi ya zauna. Ya buɗe otel, ya keɓe wani ɓangare ya mayar da shi wurin aiki, inda yake ƙera ƴan tsana yana motsa su kaɗan-kaɗan gaban kamara, daga baya kuma ya koma aiki da kwamfuta tare da matasan da yake koya wa. Cikin ayyukansa akwai Kokoa, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke kokowa gaban ƴan kallo kamar yadda ake yi a fili. Kuɗin ɗakin baƙo shi ke tallafa wa aikin fim. Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga watan Maris 2015. An nuna finafinansa a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, amma yaran Tawa nawa ne suka taɓa ganin ko ɗaya a babban allo? Gidajen sinima na ƙasar nan sun mutu ɗaya bayan ɗaya, gidajen bidiyo na unguwa da suka gaje su kuma finafinan Indiya da na Kano da ƙwallon Turai suke nunawa.

Daga kaset zuwa salula

Kiɗan da ya fi cancanta a kira na ɓoye a arewacin jihar shi ne gitar ta Abzinawa. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun kashe dabbobi, suka kori dubban matasa zuwa Aljeriya da Libiya. A can aka laƙaba musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi, a can kuma suka koyi gitar, suka riƙa waƙar kewa da ƙishirwa da halin da danginsu ke ciki. Da yawa sun dawo gida a ƙarshen shekarun 1980. A watan Mayu 1990 aka yi abin da aka yi a Cintabaradan, inda farar hula da dama suka rasa rayukansu, abin da ya buɗe ƙofar tawaye. A waɗannan shekaru kaset ɗin mawaƙa irin su Abdalla Umbadugu hannu da hannu yake yawo, ana kwafarsa a ɓoye, domin samun sa a jakar mutum a shingen bincike na iya jawo masa tuhuma. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga watan Afrilu 1995, gitar ta fito fili, ta zama kiɗan aure da suna daga Agadas har Abalak.

A cikin birni kuwa, matasan da suka gama lakkwal babu aiki suka kafa fada-fada a bakin titi, tabarma da butar shayi da rediyo, ana hira har tsakar dare. Nan ne waƙoƙin finafinan Kano suka samu gindin zama, nan ne kuma rap ɗin da ya taso a Yamai a ƙarshen shekarun 1990 ya samu masu kwaikwayo. Da salula ta yawaita, sai sabuwar sana'a ta fito a kasuwa da tasha, ta masu tura waƙa. Mutum ya miƙa katin memwar ɗinsa da ƴan canji, a cika masa shi da waƙoƙi, shi kuma ya tura wa abokinsa ta bulutut ba tare da ko dala ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ta wannan hanya ce duniya ta san Mahamadu Sulaiman, wanda ake kira Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak da Cintabaradan. Ya tashi a gidan da ba a son kiɗa, ya ƙera gitar ta farko da katako da wayar birkin keke, kuma bahago ne. Shi ma ya taɓa tafiya biɗa Libiya. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko, mai suna Anar, da harshen Tamajak, amma da na'urar gyaran murya da gangar kwamfuta irin ta finafinan Hausa. Babu kantin da ya sayar da su. Daga salula zuwa salula suka ratsa sahara har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai yawon naɗar kiɗa, Christopher Kirkley, ya ji su. A 2011 ya sa ɗaya daga ciki a faifan da ya tattara na waƙoƙin salula, ya kuma bi sawun mai waƙar har ya same shi. A 2015 aka yi fim da shi a Agadas. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da Afrique Victime, a 2024 kuma Funeral for Justice. Mutumin da ya koyi sana'arsa a bukukuwan aure cikin ƙura, da injin wuta na kuka a gefe, ya zama cikin makaɗan gitar da ake ji da su a duniya.

Ƴan matan Illigadad

Labari na biyu daga wani ƙauye ya fito a ƙasar Abalak, mai suna Illigadad. A can wata yarinya, Fatu Saidi Gali, ta koya wa kanta gitar da ta wanta, a lokacin da ake ganin gitar kayan maza ce, tande kuma na mata. Faifansu na farko da ya fito a 2016 ya haɗa biyun, gefe ɗaya gitar, gefe ɗaya tande kamar yadda ake yin sa da dare a ƙauye. Ƙungiyar da aka sa wa suna Les Filles de Illighadad ta fitar da Eghass Malan a 2017, ta zagaya Turai da Amurka, a 2021 kuma aka fitar da wasan da suka yi a birnin Niyok.

Abin lura a nan shi ne waƙoƙin da suka kai su can ba baƙi ba ne ga kowa a Azawak. Iyayensu mata sun yi su a bakin turmi ba tare da an biya su ba. Abin da ya bambanta shi ne a waje an yi yarjejeniya a rubuce, an yanka kuɗin wasa kafin a hau dandamali, an kuma rubuta sunan mai waƙa a jikin faifai. Wannan ne ya raba kari da lada.

Abin da ke cinye dare

Ga kowane Mdou Moctar ɗaya akwai makaɗa masu yawa da ba za su taɓa hawa jirgi ba, kuma daren da suke ci da shi ƙara gajarta yake yi. Babban dalili shi ne tsaro. A watan Oktoba 2016 aka kashe soja 22 a Tazalit, a cikin watan kuma aka sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Tasara da Tiliya, aka yi ta sabunta ta. Ran 21 ga watan Maris 2021 ƴan bindiga suka afka wa ƙauyukan Tiliya, gomnati ta ce mutum 137 suka mutu. A ƙasar da ake irin wannan makoki, wa zai kunna injin wuta a daji ya tara jama'a har asuba? Baƙin da ke zuwa kallon bukukuwan makiyaya, suna sayen aikin maƙera da dukawa, su ma sun ɗauke ƙafa.

Sauran dalilan na cikin gari ne. A 2020 annobar korona ta sa an hana taruwa. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023, takunkumin da maƙwabta suka ƙaƙaba ya rufe iyakar Najeriya ta Birnin Ƙonni na tsawon watanni, kaya suka yi tsada, mai biki ya soma rage abin da zai rage, kuma makaɗi ne na farko da ake sokewa. Ga kuma mai lasifika da kwamfuta, wanda shi kaɗai zai cika unguwa da waƙoƙin Kano a kan abin da bai kai kuɗin ƙungiya ba.

Akwai kuma maganar addini, wadda ba a iya tsallake ta. Tun shekarun 1990 wa'azi ya ƙara ƙarfi a kan kiɗa da cakuɗuwar maza da mata, kuma gidaje da dama sun maye gurbin wasan biki da walima. A watan Nuwamba 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta kai ga ƙona mashaya a Maraɗi, abin da masu wuraren shaƙatawa na ƙasar duka suka ɗauki darasi a kansa. Ba duk kukan da ake yi ne na banza ba. Maƙwabcin da lasifika ta hana barci yana da gaskiya, uban da ke tsoron giya da ƙwaya a wurin wasa shi ma yana da tasa. Amma waɗannan abubuwa ne da ake gyarawa da ƙa'ida, a sa lokacin tashi, a sa masu kula. Idan aka kore wasa daga fili gaba ɗaya, lungu yake komawa, inda babu dattijon da ke gani.

Gomnati takan tuna da masu fasaha idan babban buki ya zo. A watan Disamba 2017, lokacin Tawa Sakola, an yi wa garin kwalliya da tituna da fitilu da gine-gine, an yi kwanaki ana wasanni. Haka ma idan gasar kokowa ta zo filin Hamidin Maidare, makaɗa da ƴan cali-cali sukan samu abin sawa a aljihu. An kuma dawo da gasar Ɗan Gurmu gida Tawa. To amma shekara kwana 365 ce, kuma waɗannan bukukuwa ba sa cika ko wata ɗaya daga ciki.

Wa zai biya?

Amsar tana hannun mutum biyu da suka fi kowa yin biki a garin, ɗan kasuwa da ma'aikaci. Alhajin da ke loda albasa zuwa Abijan ba ya sallamar direba da kyauta, sai an yi ciniki an tsayar da magana. Ma'aikaci kuma ya san zafin aikin da aka yi ba a biya ba, domin ya ɗanɗana a shekarun 1990. Su ne ke aurar da ƴaƴa, su ne ke kiran makaɗi. Idan suka saba yanka masa lada tun kafin ranar biki, liƙi ya zama ƙari a kai, sun mayar da roƙo sana'a ke nan. Mai otel ko gidan abinci da ya keɓe dare ɗaya a mako ga ƙungiyar gida, da kuɗin shiga daidai aljihun talaka, hanyar Mustafa Alasan ya bi, kuma ba sadaka ya yi ba, ciniki ya jawo wa kansa.

Akwai abin da ya rataya a wuyan hukuma, wanda ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Gidan matasa na iya ba ƙananan ƙungiyoyi zaurensa da kayan sauti a kan rabon abin da aka samu a ƙofa. Ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, yana nan, amma makaɗin ƙauye da bai yi lakkwal ba sai an je an same shi an yi masa bayani da harshensa kafin ya rubuta waƙarsa. Gidajen rediyo da ke cika shirye-shiryensu da muryoyin waɗannan mutane su ma akwai haƙƙi a kansu. Sannan ga tsofaffin kaset da ke cikin akwatunan gidaje da ɗakunan ajiyar rediyo, zafi da ƙura na cin su kowace bazara. Jami'ar da ke garin tana da ɗalibai da kwamfutoci da za su iya kwafe su kafin su lalace. Da ba a adana naɗe-naɗen Azna de l'Ader ba, da yau sai dai a ba da labarinsu da baki.

Su ma masu wasan akwai gyara a nasu ɓangare. Wanda ya karɓi kuɗin alkawari ya zo a kan lokaci, ya tashi a kan lokaci, ya kuma bar zambo ga wanda bai ba shi ba. Mai neman a ɗauke shi ɗan sana'a dole ya riƙe amana irin ta ƴan sana'a.

Masu magana sun ce ba a kai wa dawa gida bai ƙoshi ba. Adar ta ciyar da kunnuwan Turai da Amurka da gitar da tande, ta ba sinima ta Afirka masauki a ɗakin otel. Kaka na zuwa, ƴan biɗa za su dawo, za a ɗaura aure a Bilbis da Wadata da Sabon Gari, za a kuma aika a kira makaɗi. Ranar da ya zo gaisuwa, kafin a ce masa Allah ya kai mu, ya kamata a tambaye shi nawa ne aikinsa.